Tururuwar da Ba Ta Tsayawa Gaisuwa

Dalilin da ya sa tururuwa ba ta wuce 'yar'uwarta a hanya sai sun tsaya sun gwama goshi, shi zan gaya muku yau, tunda na ga kun tasa su a gaba tun ɗazu kun hana su sakat. Kai Sagiru, yar da tsinken nan! Me suka yi maka? Geron da ya zube a ƙasa suke kwasa, ba rumbun babanka suka fasa ba. Ku matso inuwa, kowa ya ja ƙwarya ya taya ni ɓarar gyaɗar nan. Bakina na aiki, hannuwanku na aiki. Wanda kuma na kama yana kaiwa baki, to labari ya ƙare a nan.

Ku dube su da kyau tukuna. Ga wannan ta fito daga rami ba ta ɗauke da komai, ga waccan ta taho da kaya niƙi-niƙi. Kun gani? Sun tsaya. Kai ya taɓa kai, sannan kowacce ta kama gabanta. Ga shi ta sake tsayawa da wata. Haka za su wuni, komai saurin da suke yi. Ke Hindatu kin ce faɗa suke yi. Ba faɗa ba ne, 'yar nan, gaisawa suke yi. Amma da can ba haka suke ba.

A zamanin da nake ba ku labari, tururuwa ba ta tsaya wa kowa a hanya. Gaisuwa a wurinsu aikin tsofaffi ce, waɗanda ƙarfi ya ƙare musu suke zaune a ƙofar gida suna shan hantsi. Mai jini a jika kuwa, in ya ga ɗan'uwansa, sai ya jefa masa "sannu" yana tafiya, wancan ya jefo "yauwa" ko waiwaye babu. Shi ke nan wai an gaisa. In ka ce za ka tsaya tambayar gajiya da iyali, na bayanka ta kanka za su bi su wuce.

To, akwai wani garin tururuwa a gindin wata tsohuwar tsamiya. A garin akwai wata budurwa sunanta Tabawa. Kai, Tabawa! Ba a taɓa yin mai sauri irinta ba. Ƙwayar dawar da sai an haɗu ake ja, ita kaɗai take ɗora ta a ka ta yi gaba. Kafin wani ya kai kaya ya sauke, ita ta kai ta dawo ta sake ɗauka. 'Yan mata da samari duk ita suke kwaikwayo, har tafiyarta suka ɗauka, kai a sunkuye, ido a ƙasa.

Kada ku ce girman kai ne. Yarinyar tana da dalilinta, kuma ni dalilin nan tausayi yake ba ni. Tana ƙarama aka yi wata shekara da fara ta cinye gonaki, yunwa ta shiga garin. Babanta ya riga ya rasu, daga ita sai uwarta, Marka. Duk ɗan abin da aka raba, Marka sai ta tura wa 'yar gaba ɗaya, ta ce ita ta ci a maƙwabta. Alhali ba ta ci komai ba. Tabawa ba ta gane ba sai da ta yi wayo. Tun daga shekarar nan jikin Marka bai sake komawa daidai ba, ita kuwa Tabawa ta sa wa ranta cewa muddin tana numfashi, Innarta ba za ta ƙara kwana da yunwa ba.

Da kaka ta yi, mutane suka fara sussuka a can bayan gari. Kun san masussuka, inda ake buge hatsi, nan ne kasuwar tururuwa. Amma wurin da nisa daga tsamiya. Sai sarkin aikinsu, wani mai faɗa ana ce masa Korau, ya ce a haƙa sabon rumbu kusa da masussukar, ma'aikata su tare a can har a gama kwasa, tsofaffi da jarirai su zauna a gida.

Ranar tafiya Tabawa ta leƙa ɗakin uwarta, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Inna, mun tafi. Ba za ki gan ni ba sai rumbu ya cika."

Marka ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Zo mana in gan ki da kyau, ki..."

Ina! Tabawa ta riga ta kai bakin gari.

Aka shiga aiki ba kama hannun yaro. Ana cikin haka sanyin kaka ya sauka, ya kama Marka a ƙirji. Da fari tari ne kawai. Daga baya ta kasa fitowa shan hantsi, daga nan ta kasa tashi zaune. Wata maƙwabciyarta, Gwaggo Asibi, ita ke jinyarta. Da Marka ta ji jikin ba na tashi ba ne, sai ta ce a kira mata Jatau.

Jatau tsoho ne, aminin marigayi mijinta. Ƙafafunsa shida kamar na kowace tururuwa, amma ba duka ke jin maganarsa ba, biyu na baya jan su yake yi. Kuma duk garin an san shi da doguwar gaisuwa. In Jatau ya kama ka, sai ya tambayi kwananka, da gajiyarka, da aikinka, da sanyi, da iyali, da na goye, da wanda ya yi tafiya, har ƙofar gidanka sai ya tambayi lafiyarta. Yara in sun hango shi sai su sauya hanya. Kamar yadda wasu da na sani suke yi in sun hango ni. Ba na kama suna, Sagiru, me ya sa ka sunkuyar da kai?

Jatau ya zo ya durƙusa, suka gaisa da Marka har ƙarshe, duk da numfashinta na sarƙewa. Sannan ta ce, "Malam Jatau, aikenka zan yi wurin 'yarka Tabawa. Ina son ganinta, akwai maganar da zan gaya mata. Amma don Allah kada ka tayar mata da hankali. Ka san zuciyarta. Ka gaishe ta tukuna, ka ji lafiyarta, in ta natsu sai ka gaya mata a hankali."

Ya ce, "Haba Marka, ni za a koya wa wannan? In sha Allahu gobe war haka tana gabanki."

Gari na wayewa ya kama hanya yana jan ƙafa. Sai da rana ta take tsaka ya isa hanyar ma'aikata. Ya tarar da layi baƙi ƙirin, masu zuwa da masu dawowa, ba mai kallon wani. Ya raɓe a gefe yana duba fuskoki. Can sai ga Tabawa da ƙatuwar ƙwayar dawa a ka.

Ya gyara murya. "Salamu alaikum, Tabawa 'yar Marka. Ina wuni?"

Ba ta rage sauri ba. "Lafiya lau, Baba! Ya gida?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gaji..."

Ya ɗaga kai, sai ƙurarta.

To kun ji inda aka samu matsala. Ta tambaya kuwa, ya kuma amsa. Amma wa ya taɓa amsa "ya gida" ta farko da cewa ba lafiya? Ba a yi. Ko gobara aka yi a gidanku, "lafiya lau" za ka fara cewa. Ke Hindatu, ranar da kika ƙone da ruwan zafi, da kawunki ya shigo ya ce ya gida, me kika ce masa? "Lafiya lau," kina sharar hawaye. Magana mai nauyi ba ta fitowa a tambayar farko. Sai an yi ta zagayawa, an tambayi wannan an tambayi wancan, mai maganar ya ga lallai an tsaya dominsa, sannan ya saki abin da ke ransa. Ita kuwa Tabawa da ta ji "lafiya lau" sai hankalinta ya kwanta, ta ce a ranta, madalla, Inna tana nan ƙalau.

Jatau ya jira ta dawo. Da ta dawo ta can ɗaya gefen layin ta bi, jama'a sun shiga tsakaninsu. Ya sake jira. Rana ta karkata. Dole ya juya, don Marka na jiran amsa, ga shi shi ne mai ɗebo mata raɓa da sassafe ta jiƙa maƙogwaro.

Yana shiga ta ɗago kai. "Ka gan ta?"

"Na gan ta."

"Tana lafiya?"

"Lafiyarta lau. Aiki take yi ba ji ba gani."

"Ka gaya mata?"

Ya ce, "Ban kai wurin ba tukuna."

"To ba komai, gobe ma rana ce." Ta ɗan huta, sannan ta ce, "Ta tambaye ni?"

Jatau ya kalli ƙasa. Ya tuna ai ta ce ya gida, kuma Marka ce gidan. Sai ya ce, "Tana gaishe ki."

Fuskar tsohuwar ta washe. "Ina amsawa," in ji ta. "Allah ya yi mata albarka."

Washegari ya koma. A hanya yana tafe yana koya wa bakinsa. Ya ce yau zan yanke gajiya, in yanke aiki, in yanke sanyi, daga "ina wuni" sai magana. Amma da Tabawa ta ɓullo, bakin nan da ya saba tun yana yaro ya bi hanyarsa ta kullum. Kafin ya farga ta wuce. Ya yi ƙarfin hali ya kira ta, "Tabawa!"

Ta amsa daga nesa, "Baba, sai na dawo!"

Ya buɗe baki zai ɗaga murya ya faɗa, sai ya dubi hanya cike da jama'a. A ce uwar mutum na kwance rai a hannun Allah, a ƙwala masa a ƙeya a tsakiyar mutane, da kaya a kansa? In ta yanke jiki ta faɗi fa? Ga kuma abin da Marka ta roƙe shi. Ya rufe bakinsa. Ya tari wata yarinya ko za ta kira masa ita, yarinyar ta jefa masa "sannu Baba" ta yi gaba. Ya tari wani saurayi, haka. Can Korau sarkin aiki ya hango shi ya taho yana huci.

"Baba, don Allah ka koma gefe! Kana tare mana hanya. In hira kake so, ka jira a gama kaka."

Jatau ya ce, "Sannu da aiki, sarkin aiki. Ina wuni?"

"Lafiya!" in ji Korau, ya juya.

Haka aka yi ta yi. Kullum tsohon nan ya ja ƙafa ya zo, kullum ya ja ƙafa ya koma. Kullum Marka ta tambaya, kullum ya ce bai kai wurin ba. Muryarta tana ta yin ƙasa, har sai ya kai kunne kusa yake jin "ina amsawa" ɗin. Ni kam wannan wurin ba na son faɗarsa, raina ɓaci yake yi. Ga 'ya tana kashe kanta da aiki don uwa, ga uwa tana ƙarewa da son ganin 'ya, abin da ya raba su bai wuce tsayuwar shan ruwa ba.

Ran nan da safe Jatau ya kawo raɓa, ya durƙusa ya ce, "Marka, ina kwana?" Shiru. Bakinta ya motsa, amma ba abin da ya fito. Gwaggo Asibi ta girgiza kai ta ce, "Muryar ta tafi." Marka ta zuba masa ido kawai, ta juya ta kalli ƙofa, ta sake kallonsa.

Jatau ya miƙe. Ya ajiye raɓar ya fita. Ran nan bai san yana da ciwon ƙafa ba. Da ya isa hanyar ma'aikata bai raɓe a gefe ba, ya shiga tsakiyar layi ya kafe. Masu zuwa suna ture shi, masu dawowa suna bangaje shi, ana ta "Baba matsa! Baba kauce!" Ko gezau. Korau yana ta ihu daga nesa, bai ko kalle shi ba.

Sai ga Tabawa a guje, kai a sunkuye yadda ta saba. Ba ta gan shi ba. Ƙum! Goshi da goshi. Ƙwayar dawa ta yi tsalle ta gangara cikin ciyawa.

Ta ɗago a fusace. "Haba Baba! Wai me na yi maka ne? Kullum kana..."

Ba ta ƙarasa ba. Goshinsu na haɗe har lokacin, don jama'a sun matse su ta ko'ina, kuma tun da aka fara kaka yau ce ranar farko da ta kalli fuskar wani. Ta ga ƙura ta rufe shi fari fat. Ta ga ya rame. Ta ga idanunsa.

Shi kuwa Jatau, ku ji fa, duk da haka cewa ya yi, "Ina wuni, Tabawa?"

A hankali ta ce, "Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya mutanen gida?"

"Suna lafiya."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Ya Inna?"

Tsohon ya ja numfashi. Ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Da sauƙi."

Kun san ba a cewa "da sauƙi" sai ga wanda ke kwance. Nan take Tabawa ta gane.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara ganina a nan. Ita ta aiko ni. Ta ce tana son ganinki."

Ba ta ɗauki ƙwayar ba, ba ta nemi izinin Korau ba. Gudun da ta yi ran nan ya fi duk wanda ta taɓa yi, kuma shi ne gudu na farko da ta yi ba kaya a kanta.

Ta tarar da mata zaune jugum a ƙofar ɗaki. Ta kutsa ciki. Ga Marka kwance, ta ƙanƙance, ido a lumshe. Tabawa ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Inna! Inna, ga ni na zo!"

Gwaggo Asibi ta ce, "Matsa kusa, 'yar nan. Ba ta ji daga nesa, kuma ba ta iya amsawa."

Tabawa ta durƙusa. Ta matsa, ta ƙara matsawa, har ta ɗora goshinta a kan goshin uwarta. Bakinta cike da magana. Tana so ta ce ki yafe mini, tana so ta ce rumbu ya kusa cika, tana so ta ce duk don ke nake yi. Amma da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, ina wuni?"

Sai ta ji goshin tsohuwar ya ɗan danno nata.

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ina gajiya, Inna?" Ta jira. Goshin ya sake dannowa. "Ya sanyi?" Ta jira. "Ya jiki?" Ta jira. Haka ta bi gaisuwar nan ɗaya bayan ɗaya, irin ta Jatau, ba ta tsallake komai ba, kuma kowace tambaya sai ta saurara ta ji amsa a goshinta. 'Yan gashin nan biyu da kowace tururuwa ke da su a ka, na Marka suka ɗago da ƙyar suka shafa fuskar 'yar. Suna nan a haka, kai da kai, har rana ta yi sanyi. Can Tabawa ta yi wata tambayar ta jira, ta jira, ba ta ji komai ba. Allah ya karɓi abarsa.

Da aka zauna makoki, Tabawa ta matsa kusa da Gwaggo Asibi ta ce, "Gwaggo, wace magana ce Inna take son gaya mini?"

Asibi ta ce, "Wallahi ban sani ba. Na tambaye ta, ta ce maganar taki ce. Har ana gobe za ta rasu tana magana. Duk motsin da ta ji a ƙofa sai ta ce, Tabawa ce?"

Ta je wurin Jatau, shi ma ya ce ba ta gaya masa ba, cewa ta yi sai 'yar ta zo. Tabawa ta yi kuka mai yawa. Da kukan ya lafa ta ce, "Baba, me ya sa ba ka ɗaga murya ka faɗa ba? Ko a bayana ne, ai da na ji."

Tsohon ya ce, "Kullum a hanya abin da nake tambayar kaina ke nan. Bakina ne ya ƙi. Tun da nake ban taɓa jefa wa mutum irin wannan magana a ƙeya ba. Laifina ne, ki yafe mini."

Ta girgiza kai. "A'a, Baba. Kullum ina ce maka ya gida, ban taɓa tsayawa na ji amsar ba."

Da aka watse makoki ta koma bakin aiki, don kaka ba ta jiran mai kuka. Ta ɗauki kayanta ta shiga layi. Tururuwar farko da ta ci karo da ita, sai ta tare ta, ta kai goshinta kan nata.

"Ina kwana? Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ya tsofaffi?"

Waccan ta yi turus, ta amsa dai. Tabawa ta sake ta, ta tari ta gaba. Ta saki wannan, ta tari na bayanta. Kafin hantsi layi ya cushe, na baya suna hawa kan na gaba, kaya na zubewa. Wasu suna cewa rasuwar ce ta taɓa ta, wasu suna dariya. Sai ga Korau ya taho kamar zai tashi sama.

"Tabawa! Wannan wane irin abu ne? Ke ce fa kika koya wa yaran nan gudu, yau kuma ke ce za ki tsayar mini da aiki? Mun yi miki ta'aziyya, mun gama. In ba za ki iya ba ki koma gida ki huta!"

Ba ta yi musu da shi ba. Ta matso ta ɗora goshinta a kan nasa, a gaban kowa. Korau ya so ya ja da baya, jama'a sun tokare shi.

"Ina kwana, sarkin aiki?"

"Lafiya! Ni ba wannan..."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Tabawa, ki..."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya mai ɗakinka? Da muka taho na bar ta da tsohon ciki. Ta sauka?"

Korau ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya kasa. Faɗan nan duk ya zube. Can ya ce a hankali, "Ban sani ba. Tun da aka fara kaka ban leƙa gida ba."

"Wani bai zo ya gaya maka ba?"

Ya yi tunani. Ya tuna akwai wata tsohuwa daga unguwarsu da ta yi ta raɓewa a gefen hanya tana ce masa sannu da aiki, shi kuma yana ce mata ta matsa.

Tabawa ta ce, "Je ka gani. Hatsi ba zai gudu ba."

Ya tafi kuwa. Allah ya taimake shi, shi labarinsa mai daɗi ne, ya tarar an haihu lafiya har an yi suna ba ya nan. Matar dai ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, kuma ni ban ga laifinta ba.

Da ya dawo ya tara ma'aikata duka a bakin rumbu. Aka yi ta ja-in-ja. Masu son gudu suka ce in kowa zai yi gaisuwar Jatau, damina za ta same su a hanya. Tabawa ta ce ita dai ba za ta ƙara wuce kowa ba ko za a kore ta daga garin. Daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya. Ba za a sauke kaya ba, ba za a zauna ba. Amma duk biyun da suka haɗu a hanya sai sun tsaya, goshi ya taɓa goshi, ido ya ga ido, yadda mai magana mai nauyi zai iya faɗarta a hankali ba wanda ya ji. In ba komai, kowa ya wuce. In akwai magana, su koma gefe, kuma ba mai ce musu su yi sauri.

Rumbu ya cika a shekarar, ko da yake ya ɗan yi latti. Tabawa ta rayu har ta tsufa, ta ga jikoki. Ta ji labarai da yawa a hanyar nan, na haihuwa da na rashi, na ciwo da na warkewa, ta kai saƙon mutane da yawa inda aka aike su. Amma maganar da Innarta ta ajiye mata, ba ta taɓa jin ta ba. Ni ma ban san ta ba, wadda ta ba ni labarin ma ba ta sani ba.

To shi ya sa har wa yau ɗin nan, in kun ga tururuwa a hanya, komai nauyin kayanta, komai nisan gida, ko hadari ya haɗo, ba ta yarda wata ta gifta ta sai ta tsaya ta kai goshi ta saurara. Ba ta san wadda aka aiko gare ta ba, don haka ba ta barin ko ɗaya ta wuce.